Langar Yusha'u

Ranar wata Juma'a, shekaru da dama bayan gama yaƙin basasa, Inna Turai tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a Unguwar Sarki, tana jiran Sambo mai ruwa ya dawo da kwanonin sadaka.

Tun da aka gaya mata an kai autanta Yusha'u magani wani ƙauye a bayan Zariya, ta ɗora wa kanta tuƙa tuwo duk Juma'a, da hannunta, duk da ciwon gwiwa da yanar da ta fara rufe mata ido. Takan zuba a kwanoni ta ce a kai wa mabukata, ko Allah ya dubi yaron ya ba shi lafiya. Sambo ne yake ɗauka idan ya gama juye garwarsa a randa. Ya ce mata ya san inda ake da bukata. Akwai wani kango a Badarawa, ginin da mai shi ya kai linta ya rasu, magada suka tsaya rigima, mutanen da ba su da wurin kwana suka cika shi.

A ranar kwanonin sun yi kaɗan. Jummai, matar babban ɗanta Sanda, ta jawo wata shuɗiyar langa mai ɓantaren baki daga ƙarƙashin gado ta miƙa mata.

"Inna, ga wannan. Zaman me take yi?"

Langar Yusha'u ce. Inna ta ɗan riƙe ta a hannu kafin ta zuba tuwon.

Da Sambo ya dawo bayan an sauko daga masallaci, Inna ta jawo kwanonin don ta wanke. Duk an sharce su tas. Ta buɗe murfin langar, sai hannunta ya tsaya. Loma ɗaya ce a ciki, an mulmula ta sosai, an danna babban yatsa a tsakiyarta, an zuba miya a ramin. Ta kawo langar daf da idonta. Ta taɓa lomar da yatsa.

Mutum ɗaya ta sani a duniya mai yin haka. Tun yana ƙaramin yaro ba ya cinye tuwonsa duka. Sai ya rage loma, ya gyara ta, ya miƙo kwanon ya ce, "Inna, ga na mai tuƙi." Ya girma bai daina ba. Ya tafi soja ya dawo da ƙafa a lalace bai daina ba.

"Sambo," ta ce. "Dawo nan."

Sambo ya riga ya saɓa sandar garwarsa. Ya dawo ya durƙusa nesa kaɗan.

"Wa ya ci a wannan?"

"Inna, ai suna da yawa. Kowa wawura yake yi."

"Wannan ba wawura aka yi mata ba. Ka dubi Allah, Sambo. Yau Juma'a."

Sambo ya tsura wa ƙasa ido yana murza igiyar garwa. Can ya ce, "Yana ganinta ya ce a ba shi kayarsa. Ya rungume ta yana kuka. Ya roƙe ni kada in faɗa. Malam Sanda ma ya riga ya ja mini kunne tun tuni. Inna, don Allah kada ki ce ni ne, gidan nan ne babban gidan da nake zuba wa ruwa."

"Tun yaushe yake can?"

"Tun kafin azumi."

Tun kafin azumi ke nan yana kwana a inda mai lafiyar ƙafa zai je ya dawo kafin tuwo ya huce, ita kuwa tana nan tana tambayar ko motar Zariya ta kawo labari.

Ba ta manta yadda abin ya fara ba. Yusha'u ya dawo daga bakin daga da rauni a cinya wanda ya ƙi rufewa. Idan zafin ya taso yakan ciji filo, wani lokaci ihun ya ƙwace masa har maƙwabta su ji. Sanda tsohon malamin asibiti ne kafin ya koma ofis, kuma yana da kemis a Badarawa wanda Idris ƙanen matarsa yake tsare masa. Shi ya fara zuwa da wata ƙaramar kwalba mai siririn wuya, ya ce fetidin ce, tana kashe kowane irin zafi. Ya yi masa allurar, gida ya yi tsit, kowa ya yi barci. Inna ma har sa albarka ta yi. Daga ta dare ta koma safe da dare, daga nan sai ya zama Yusha'u ba ya iya ɗaga kai sai an yi masa. Ran da Sanda ya ce abin ya isa haka, rediyo ta ɓace a gidan, sannan agogon bango, sannan tasoshin Jummai. Wata safiya Inna ta tashi ta ga kwaɗo a ƙofar ɗakinsa, aka ce an tafi da shi wurin wani mai magani da asuba, ba a so a tashe ta. Ba a yi mako ba aka buɗe ɗakin aka cika shi da kwalayen kemis har rufi.

Ta aika a kira Jummai. Jummai ta zo tana goge hannu a zane, ta ga lomar a cikin langa, ta gane.

"Kin sani?"

"Inna, ni mace ce a ƙarƙashin wani. Abin da Malam ya ce shi na bi."

"Kina kallona ina tuƙa tuwon nan."

"Wallahi ban san can Sambo yake kaiwa ba. Kuma Inna, ki yi mini adalci. 'Yan mata gare ni a gidan nan, sun tasa. Mutum ya fito tsakar gida yana layi, yawu yana zuba, wa zai zo neman aure a gidan? Tasoshin da uwata ta yi mini fa ya kwashe."

"An sayo miki wasu."

Jummai ta ce miya tana kan wuta, ta tashi.

Da yamma Sanda ya dawo, ya ajiye motarsa a ƙofar gida, ya shigo gaishe ta kamar kullum. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ba. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ta yi. Idan za ta ambace shi sai ta ce "mai gidan nan", idan yana gabanta kuwa sai ta juya fuska ga bango ta yi magana kamar da wani take. Shekara arba'in da ɗoriya ana yabonta da wannan kunya.

Ya tsuguna a bakin ƙofa. "Inna, barka da yamma. Ya gwiwar?"

Ta turo langar gabansa da ƙafa, fuskarta tana kallon bango.

"A tambayi mai gidan nan, wane ƙauye ne wannan da kwano yake zuwa ya dawo da ɗuminsa?"

Sanda ya dubi lomar. Ya cire hularsa ya share goshi ya mayar.

"Inna, don lafiyarki na ɓoye. Jininki yana hawa. Da na faɗa miki gaskiya da yanzu wani zancen ake yi."

"A ce masa ɗan'uwansa yana da ɗaki a gidan ubansa."

"Ba wanda ya ce ba shi da shi. Amma irin wannan ciwon, Inna, ni na yi aikin asibiti, na san shi. Idan ana lallaɓa mutum ba ya bari. Sai ya sha wuya, ya ga uwar bari, sannan hankalinsa ya dawo. Gata nake yi masa, ko da yake ba za a gane ba yanzu."

"Wa ya fara yi masa allurar?"

"Taimako na yi. Ke ma kina ji yana ihu. Ni na ce ya mayar da ita abinci?" Muryarsa ta ɗan tashi, sai ya sauke ta. "Kuma ɗakin cike yake da kaya. Magani ba a ajiye shi ko'ina, danshi yana lalata shi. Ina gina sito a bayan kemis, da an gama za a kwashe. Ki ba ni zuwa bayan Babbar Sallah. Abinci kuwa ban hana ba, a kai masa kullum ma."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Inna ta so ta ce wani abu, amma ba ta san yadda ake yi wa ɗan fari tsawa ba. Ta ji takunsa har ya shige sashensa.

Washegari da hantsi, bayan mota ta fita, ta yafa mayafi ta ɗauki sandarta ta tsaya a zaure har Sambo ya zo.

"Kai ni."

"Inna, Malam zai kashe ni."

"To nuna mini hanya da baki, in na faɗa kwata sai a ce kai ne."

Ya ajiye garwar ya wuce gaba, tana bin inuwarsa. Rabonta da taka titi tun rasuwar mijinta, don Sanda ya ce uwar babban ma'aikaci ba ta yawo a ƙasa. Suka bi ta gaban masu faci da masu sayar da katako, suka shiga wani lungu mai warin fitsari. A bakin lungun Sambo ya rage murya ya ce, "Ga kemis ɗin Malam nan." Gaban shagon fes yake, an yi masa fenti fari da kore. Amma a bayansa akwai wata 'yar taga mai ƙarfe, mutum uku suna tsaye a jikinta, ɗaya yana rawar ɗari cikin zafin rana.

Kangon yana bayan shagon kaɗan. Ba rufi, sai buhuna da tsofaffin kwanon rufi da aka jingina a kusurwoyi. Ciyawa ta fito a tsakiyar abin da aka so ya zama falo. Mutane kwance ko'ina a kan kwalaye, wasu ido a buɗe ba sa kallon komai, wani yana zaune kansa ya rataye a ƙirji kamar mai gyangyaɗi a wurin wa'azi. Akwai masu tsohuwar rigar soja, akwai wani da hannu ɗaya. Ƙarƙashin takalminta ƙananan kwalabe suna ta fashewa. Ta sunkuya ta kalli kwalin da wani yake kwance a kai. Ko da ido mai yana ta gane jan zanen da ke jikinsa, irin wanda take gani kullum idan an buɗe ɗakin Yusha'u.

"Kofur," wani ya ce da dasasshiyar murya, "tashi, ka yi baƙi. Yau har da Hajiya."

Wani tsumma ya motsa a kusurwa. Da bai yi magana ba da ba ta gane shi ba.

"Inna? Wa ya kawo ki nan? Sambo, Allah ya isa."

Ya yi ƙoƙarin ja da baya ya rufe ƙafarsa da buhu. Ta durƙusa da ƙyar ta yaye buhun. Raunin ya buɗe, ya yi baƙi a gefe, ƙudaje sun taso. Ta shafa hannunsa ta ji duk kumburi ne da tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa. Yana ta hamma, hanci yana zuba, idonsa yana hawaye ba na kuka ba.

"Auta," ta ce.

Ya yi 'yar dariya. "Miyar jiya gishiri ya yi kaɗan. Na ce lallai idon tsohuwar nan ya ƙara lalacewa."

"Ja'iri. Shi ya sa ka rage mini?"

"Na mai tuƙi ne. Ko a lahira sai na rage."

"Rufe mini baki. Tashi mu tafi gida."

Dariyar ta ɗauke. "Yaya ya rantse in na taka ƙofar gidan zai kira 'yan sanda su kai ni gidan mahaukata, a sa mini mari a ƙafa. Kuma Inna, ba zan yi miki ƙarya ba. Ko na je, in abin ya taso, da rarrafe zan dawo tagar can. Ba ki san yadda yake ba. Kamar ana zare mini ƙashi ɗaya bayan ɗaya." Ya kama gefen mayafinta. "Ki ce wa Yaya ya gaya wa Idris ya riƙa ba ni ko ɗaya a rana. Jiya sai da na wanke masa shago da bayi kafin ya miƙo."

"Idris ne yake ba ku?"

Mai dasasshiyar muryar nan ya amsa daga inda yake kwance. "Hajiya, duk wanda kika gani a nan ɗan makarantar tagar nan ne. Ta gaba ta masu mura ce, ta baya tamu."

Da yamma ta sake juya fuska ga bango. Ta ce a gaya wa mai gidan nan ta ga tagar baya. Sanda ya ce shi bai san da wata taga ba, Idris ne a shagon, zai bincika. Ya ce ko ya rufe, akwai kemis biyu a layin, can za su koma, gara ma nasa mai kyau ne ba jabu ba. Ta ce to a kawo Yusha'u ɗakinta, ta ba shi gadonta ta kwana a ƙasa. Ya ce ƙato kamar wannan a cikin mata, mutumin da bai san inda kansa yake ba, ko liman aka tambaya ba zai yarda ba. Sannan ya ce abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a ga uwarsa a wannan lungu, mutanen ofis suna bi ta nan.

Damina ta kankama. Kullum Inna tana tuƙa tuwo, kullum Sambo yana kai langa ya dawo da ita, ita kuma tana karanta ɗanta a ciki. Da farko loma ɗaya yake ragewa. Daga baya ya zama rabin tuwon ne yake dawowa, lomar tana zaune a kansa. Sannan ya zama gefe ɗaya kawai ake gutsura. Lomar ma ta daina mulmuluwa da kyau, ta zama a wargaje, ramin yatsan ya karkace, alamar hannun da ya yi ta yana rawa. Duk ran da aka kwana ana ruwa, takan zauna a bakin gado ta kasa komawa barci, da safe ta tambayi Sambo ko buhunan sun tare wani abu. Sambo ya ce tari ya kama shi.

Babbar Sallah ta zo. Sanda ya yanka raguna biyu, aka rarraba nama har gidan shugabansa na ofis. Ta ce a tuna wa mai gidan nan alkawarinsa. Ya ce siminti ya yi wuya a gari, magina sun tafi gida yin Sallah, a ƙara haƙuri kaɗan.

Ran da langar ta dawo da ɗigon jini a murfi, Inna ba ta tambayi kowa ba. Ta sa Sambo ya nemo mai amalanke, suka je suka ɗauko Yusha'u. Bai yi musu ba, ba shi da ƙarfin yi. Mutumin nan mai dasasshiyar murya, wanda ta ji ana kira Bello Direba, shi ya taimaka aka ɗora shi, ya cire tasa rigar ya tokare masa kai. Suka iso ƙofar gida daidai lokacin da Sanda yake fitowa zai koma ofis bayan azahar. Maƙwabta biyu suna zaune a dakali.

Sanda ya dubi amalanken, ya dubi mutanen dakali. Nan take fuskarsa ta canza.

"Subhanallahi! Haka jikin ya yi? Inna, ai wannan ba na gida ba ne, na asibiti ne. Ku taimaka mini a sa shi a mota."

Maƙwabtan suka taso da sauri, suna cewa Allah ya saka wa Malam, zumunci ya yi kyau. Aka kwantar da Yusha'u a kujerar baya. Ya buɗe ido ya dubi zauren gidansu, ya dubi Inna.

"Yaya," ya ce a hankali, "in ɗan shiga in sha ruwan randar Inna."

"In ka warke ka sha har ka gaji."

Motar ta tashi. A ranar Inna ta ci abinci har ta ƙoshi, ta yi wa ɗanta na fari addu'a a ranta, ta ce ashe dai jini ba ya ƙarya. Da ya dawo ya ce an ba shi gado, likita ya hana zuwa dubiya sai ya ɗan farfaɗo.

Washegari ta dafa tuwo mai laushi ta zuba a langa, ta ce Sambo ya tambayi Malam wane asibiti ne. Sambo ya karɓa ya fita. Bai daɗe ba ya dawo. Ta buɗe. Ba a taɓa tuwon ba, sai 'yar loma ƙarama a gefe, da ramin da da ƙyar ake ganinsa.

"Asibitin kusa ne haka?"

Sambo ya share ido da bayan hannu. "A bakin lungu ya sauke shi, Inna. Ya yi masa allura a cikin mota don kada ya yi gardama. Su Bello ne suka ja shi ciki."

Ta zauna da langar a cinya har la'asar. Da Sanda ya shigo ta juya ga bango, ta ce a tambayi mai gidan nan ko yana tsoron Allah. Ya ce ya je asibitin, babu gado, kuma ba sa karɓar irinsu. Ya ce gobe zai yi magana da wani likita abokinsa. Goben ta zo ya ce likitan ya yi tafiya.

Ana haka, wata safiya bayan ruwan da aka kwana ana yi, Sambo ya kai langa ya dawo. Bai ajiye ta a inda ya saba ba, ya tsaya da ita a hannu a tsakar gida. Inna ta miƙa hannu ta karɓa. Ta ji ta sakayau. Ta buɗe murfin ta shafa cikin da tafin hannu, ta zagaya ko'ina. An sharce ta tas, ko ɗigon miya babu.

"Su Bello ne suka ci," in ji Sambo. "Sun ce kada ta dawo miki da tuwo ki ɗauka ko yana fushi ne. Da asuba ya cika, Inna. Sun ce yana ta kiran a rufe ƙofa, iska tana shigowa."

Abin da ya biyo baya ya zo da saurin da Inna ba ta taɓa gani ba a gidan. Aka aika ofis, Sanda ya zo da kansa. Ya ce gawar ɗan gidan nan ba za a wanke ta a kango ba, me mutane za su ce. Aka kira Idris da wasu ƙarti biyu. Ɗakin da aka ce ba ya kwasuwa sai an gama sito, kafin rana ta take tsaka an fitar da kwalayen duka an jera su a tsakar gida. Jummai ta share, ta kunna turare. Aka shigo da Yusha'u ta zauren da aka hana shi takawa, aka kwantar da shi a ɗakinsa, aka wanke shi, aka sa masa sabon likkafani fari ƙal. Bayan azahar aka kai shi.

Da aka dawo, zaure da ƙofar gida suka cika. Motocin mutanen ofis sun yi layi. Daga inda take zaune cikin mata, Inna tana jin muryar Sanda yana amsa gaisuwa.

"Ciwon yaƙi ne, tun da ya dawo bai ƙara lafiya ba. Mun yi iya ƙoƙarinmu, ba inda ba mu kai shi ba. Kwana ya ƙare."

"Allah ya ba da ladan jinya, Malam."

Can sai ta ji hayaniya a waje, da muryar Idris yana cewa, "Ku matsa can! Ba yau ake sadaka ba. Ku dubi jikinku, nan wurin manyan mutane ne." Sai dasasshiyar murya ta amsa, "Gaisuwa muka zo yi. Mu muka rufe masa ido."

Inna ta dafa bango ta miƙe. Matan suka ce ina za ki, ta wuce su. Ta ɗauki langar, ta ratsa ta tsakanin kwalayen, ta ɗaga labulen zaure. Maza suka yi tsit, wasu suka sunkuyar da kai. Ta nemi farar babbar rigar da ke tsakiya, ta tsaya a gabanta, ta ɗaga ido ta dube shi sosai. Ta ga ashe har ya yi furfura a gemu.

"Sanda."

Kofin ruwan da ke hannunsa ya kusa suɓucewa. Tsofaffin unguwa da suka san ta tun tana amarya suka dubi juna.

"Sanda, da kai nake. Ashe ɗakin yana kwasuwa?"

"Inna, ki shiga ciki, zafin rashi ne..."

"Ruwan randa ya roƙe ka a ƙofar nan. Mutanen dakali suna nan, sun ji." Ta ajiye langar a kan tabarma a gabansa. "Waɗancan da ake kora, su ne suka yi jinyar. In akwai lada nasu ne. Ka tashi ka ba su wuri su zauna."

Ba wanda ya yi motsi. Liman ya yi gyaran murya ya ce a yi haƙuri, a yi wa mamaci addu'a. Sanda ya ɗaga hannu tare da kowa, idonsa a kan langar, bai tashi ba. Bello Direba da mutanensa suka tsuguna a tsallaken titi, a bakin kwata, suka shafa tasu fatihar daga can, suka juya suka nufi Badarawa.

Inna ta koma ciki. Ba ta shiga cikin mata ba, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Yusha'u, inda ƙasa take da sauran danshin ruwan wanka. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa shanya. Sai ga Idris ya shigo da gudu, Jummai tana bayansa tana kiran 'yan matanta.

"Ku yi sauri, hadari ya taso! Malam ya ce kada kayan nan su jiƙe. Inna, ɗan matsa mana kaɗan."

Suka riƙa wucewa ta gefenta, kowa da kwali a ka. Kafin ɗigon farko ya sauka an mayar da su duka cikin ɗakin, an ja ƙofa, an sa kwaɗo.